Mutumin da ya sa wa watan Afrilu sunan mahaifiyarsa: yarda aka yi ko tsoro ne?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare bacci ya ƙi zuwa na zauna ina ta kallon wani shiri a waya kan ƙasar Turkmenistan, wlh har yanzu abin bai bar kaina ba. Shugabansu na farko Saparmurat Niyazov, wanda ya rasu a Disambar 2006, ya sa an ƙera mutum-mutuminsa mai tsawon mita 12 an shafe shi da zinare, aka ɗora a kan wata hasumiya a tsakiyar Ashgabat babban birninsu, aka sa masa inji yana juyawa yana fuskantar rana tun daga hudowarta har faɗuwarta. Bai tsaya nan ba, a 2002 aka canza sunayen watanni gaba ɗaya, Janairu ya koma Turkmenbashi wato laƙabinsa na jagoran Turkmen, Afrilu ya koma Gurbansoltan sunan mahaifiyarsa, Satumba kuma aka sa masa sunan littafin da ya rubuta Ruhnama. To ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, ƙasa guda fa, akwai likitoci akwai farfesoshi akwai malaman addini akwai dattawa masu furfura, duk suka zuba ido? Yarda suka yi da shi har zuci ko tsoro ne kawai? Dan Allah masana a warware min.

Mai Shago a Kwari:
Wa alaikumus salam. Ni dai a yi hattara da irin waɗannan shirye-shiryen, Turawa ne ke haɗa su, kuma duk shugaban da ya ƙi ba su abin da suke so sai su mai da shi mahaukaci a idon duniya. Me ya sa ba su faɗa maka a zamaninsa gas da wutar lantarki da ruwa da gishiri kyauta ake bai wa talaka ba? Ni wlh shugaban da zai ba ni wuta kyauta ya sa wa watan sunan da ya ga dama, me ya dame ni da sunan wata.

Ɗan Fagge:
Sun faɗa Alhaji, ba su ɓoye ba. Amma ni ba wannan na tambaya ba.

Malamin Tarihi:
Alhaji maganar gas da wuta gaskiya ce, tun 1993 aka fara, ƙasar tana da arzikin gas mai yawan gaske. Amma batun watanni da mutum-mutumin ba ƙagen kowa ba ne, gwamnatinsu da kanta ta sanar tana alfahari da shi, kuma wanda ya gaje shi da hannunsa ya mayar da sunayen watannin a 2008, ya sa aka sauke hasumiyar a 2010 aka kai ta gefen gari. Da sharrin Turawa ne me zai sauke?

Kan tambayarka Ɗan Fagge, ni yadda na fahimci abin, shi mai mulkin bai cika damuwa da ko ka yarda a zuciyarka ba. Abin da yake so shi ne ya ga ka buɗe baki ka faɗi abin da kai ka san ƙarya ne, shi ma ya san ka sani, maƙwabcinka ma ya ji ka faɗa. Ranar da farfesa ya tsaya gaban ɗalibai ya ce yau ɗaya ga watan Gurbansoltan ba tare da fuskarsa ta motsa ba, an gama da shi, don gobe ba shi da bakin da zai ce wa wani tashi mu ƙi. Kuma kowa sai ya riƙa zaton shi kaɗai ne bai yarda ba tunda yana ganin kowa na tafi. Shi ya sa abin yake ƙara muni kullum, in an saba da ƙaramar ƙarya sai a kawo babba a ga wa zai yi gardama. Ku duba jerin: 1992 ya ci zaɓe da kashi 99.5 shi kaɗai a takara, 1999 majalisa ta ce shugaba ne har mutuwa, 2001 Ruhnama ya fito, aka sa shi a makarantu da jami'a, aka sa shi a jarrabawar ɗaukar aiki, har lasin tuƙi sai an tambaye ka abin da ke ciki. Yara kuma suna da rantsuwar da suke karantawa, wadda ma'anarta in na yi wa ƙasa mugunta hannuna ya shanye, in na faɗi mummunar magana a kanta harshena ya bushe, in na ci amanarta da ta shugaba numfashina ya ɗauke.

Almajirin Malam:
Innalillahi. Malam ni abin da ya fi tayar min da hankali a labarin mutumin nan masallacin da ya gina ne a Kipchak, ƙauyensu, a 2004. Katafaren masallaci, amma a jikin bango da hasumiya an rubuta kalmomin Ruhnama kusa da ayoyin Alƙur'ani. Kuma an umarci masallatai su ajiye littafin. Daga baya har ya fito ya ce wai ya roƙi Allah duk wanda ya karanta littafinsa sau uku zai shiga aljanna. Ƙasar musulmi ce fa jama'a. Wannan ai hanyar Fir'auna ce sak, Allah ya ce game da shi fastakhaffa ƙaumahu fa'aɗa'uhu, ya raina hankalin mutanensa sai suka bi shi.

Ɗan Fagge:
To malaman ƙasar fa? Ba wanda ya ce uffan?

Almajirin Malam:
Akwai. Babban muftin ƙasar Nasrullah ibn Ibadullah, an tsige shi a 2003, a 2004 aka yanke masa shekara 22 a gidan yari. A takarda an ce yana da hannu a yunƙurin kashe shugaban, amma an san ya nuna rashin yarda da a daidaita littafin da Alƙur'ani a masallatai. Sai bayan mutuwar Niyazov aka sake shi a 2007. To in mufti guda aka yi wa haka, limamin ƙauye mai 'ya'ya takwas me zai ce?

Nas Mai Aikin Dare:
Alhaji Mai Shago ku yi haƙuri ina so na koma kan maganarku, don kun ce me ya dame ku da sunan wata. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren da na bibiya kenan. A 2004 mutumin nan ya sallami ma'aikatan lafiya kusan 15,000 aka kawo yara masu hidimar soja suna tsaron marasa lafiya a madadinsu. A 2005 ya ce a rufe asibitocin da ke wajen babban birni, wai mai ciwo ya taho Ashgabat, ƙasar da yawancinta hamada ce. Ya rage shekarun makaranta zuwa tara. A farkon 2006 aka yanke wa tsofaffi da yawa fansho. Ku yi tunanin mace tana naƙuda jini ya ɓalle mata a wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita, ni na san minti nawa ake da shi a irin wannan halin, wlh ba su da yawa. To ministan lafiyar da ya kasa cewa ranka ya daɗe Afrilu sunansa Afrilu, shi ne zai iya cewa kar a rufe asibiti? Bakin da aka rufe da sunan wata shi ne dai bakin da ake buƙata ranar asibitin.

Mai Shago a Kwari:
Toh Hajiya na ji wannan, kuma ban san da batun asibitin ba gaskiya. Amma bari na tambaya tsakani da Allah, mu nan ba ma yi? Sarki zai fito a ce masa zaki, a ce giwa, a ce hadarin ƙasa maganin mai kabido, maroƙa na zuga shi ana busa algaita, ɗan siyasa ma mawaƙa na mai da shi waliyyi. Meye bambancin? Ko don su na waje ne abin ya zama laifi?

Malamin Tarihi:
Tambaya mai kyau Alhaji. Bambancin a wurina shi ne maroƙi sana'arsa yake yi, an san shi an san abin da ya kawo shi, ya yi kirari a ba shi kyauta ya tafi, kuma kai da kake wucewa ba wanda zai kama ka don ba ka amsa amshi ba. Ranar da ya ga dama ma ya juya ya yi zambo. Sannan a fada ta gaskiya akwai waziri akwai alƙali akwai malamai da dattawan da za su iya shiga su ce ranka ya daɗe wannan ba daidai ba ne. Abin da ake yi a irin waɗancan ƙasashen shi ne a mai da kowa maroƙi dole, likita da soja da ɗan firamare, a hana zambo, a kuma kori duk wanda zai iya cewa a'a. Wannan ba al'ada ba ce, ma'aikata ce guda da kasafin kuɗi da 'yan sandan ciki.

Baba na Zongo:
Yarana ku bari tsoho ya sa baki, don ni ba a waya na gani ba, na zauna a ciki. Na yi shekaru ina fatauci a Lome, babban birnin Togo, zamanin shugabansu Eyadema. A watan Janairun 1974 jirginsa ya faɗi a Sarakawa can arewa, mutane suka mutu shi ya fita da rai, to daga nan aka ce mutumin nan ba ya mutuwa, aka gina wurin tunawa a inda jirgin ya faɗi, kowace shekara 24 ga Janairu biki ne. Akwai ƙungiyoyin rawa da waƙa da ba su da aiki sai yabonsa, mata da maza sanye da atamfa mai hotonsa, in zai wuce a kwaso yaran makaranta a jera su a rana tun safe suna jira su yi tafi. Hotonsa kuwa a shago in ba ka rataya ba ka jawo wa kanka tambaya. Ni ma na rataya, ba zan yi muku ƙarya ba, ina da iyali ina baƙo a ƙasar mutane.

Amma kai Ɗan Fagge da kake tambaya yarda ce ko tsoro, amsar ba ɗaya ba ce. Mu manya mun san abin da muke yi, a kasuwa ka yi tafi, in ka koma gida ka rufe ƙofa ka yi magana ƙasa-ƙasa da wanda ka yarda da shi, shi ma ba kowa ba don ba ka san wa ke kai rahoto ba. Yara ne abin tausayi. Ɗana na fari wata rana ya dawo daga makaranta yana ba ni labari da iyakar gaskiyarsa cewa harsashi ba ya kama shugaba, idonsa har ƙyalli yake. Na dube shi na rasa abin da zan ce, in na ce masa ƙarya ne gobe ya je ya faɗa a aji malam ya tambaye shi wa ya gaya maka. Sai na ce masa to, je ka ci abinci. Wannan to ɗin har yau tana damuna, shekara kusan hamsin.

Nas Mai Aikin Dare:
Allah sarki Baba. Wlh jikina ya yi sanyi.

Ɗan Fagge:
Baba Allah ya ƙara girma, kun amsa min fiye da shirin da na kalla. Kenan irin kukan da muke gani 'yan Koriya ta Arewa suna yi lokacin da Kim Il Sung ya mutu a 1994 da ɗansa a 2011, suna birgima a ƙasa, zai iya zama na gaske?

Malamin Tarihi:
Wani na gaske ne wani na ido ne, kuma mai yin kukan ma da kansa ba lallai ya iya raba su ba. Mutumin da tun yana goye ake ce masa shinkafar da ya ci kyautar shugaba ce, hoton shugaba na rataye a ɗakinsu da ƙyalle na musamman da ake goge shi, babansa ba ya fita sai da bajen shugaba a ƙirji, a 1997 ma aka fara ƙirga shekarun ƙasar daga 1912 shekarar haihuwar Kim Il Sung, to ranar da aka ce ya mutu ai kamar an ce masa rufin ɗaki ya yaye ne. Ga kuma sanin cewa ana kallon wanda bai yi kuka ba. Lokacin jana'izar Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, a Maris 1953 mutane sun mutu a turmutsitsi wajen zuwa ganin gawarsa, ba wanda ya tura su da bindiga. Shekara uku kacal bayan nan Khrushchev, magajinsa a jam'iyya wanda ya yi ta yabonsa yana raye, ya tsaya a taron jam'iyya a Fabrairun 1956 ya zayyane kashe-kashen da ya yi, a 1961 aka fitar da gawarsa daga inda aka ajiye ta kusa da ta Lenin, shugaban ƙasar na farko, aka canza wa Stalingrad suna zuwa Volgograd.

'Yar Damagaram:
Ina gaisuwa Baba, ina gaida malamai. Ni ina bin ku tun ɗazu. Abin da nike so in ƙara, kada mu ɗauka abin daga sama yake faɗowa kawai, akwai masu cin abinci da shi a ƙasa. Mu nan Nijar mun ga tazarce a 2009, shugaba Tandja mutum ne da talakawa da yawa suka so da gaske har yau ana kiransa Baba Tandja, amma da wa'adinsa ya zo ƙarewa sai ga mutane sun fito suna cewa in ba shi ba ƙasa ba za ta tsaya ba, sai ya ƙarasa aikin da ya fara, aka rushe majalisa aka rushe kotun tsarin mulki aka yi ƙuri'ar raba gardama, Fabrairun 2010 sojoji suka ɗauke shi. Ban ce daidai yake da su Niyazov ba ko kusa, ba a yi masa gunki ba kuma 'yan adawa da 'yan jarida sun yi ta magana. Amma kalmar nan ta in ba shi ba babu kowa, daga ita ake farawa.

Ɗan Fagge:
Mu ma ai 1998 an yi gangamin mutum miliyan biyu a Abuja ana roƙon Abacha ya zarce, jam'iyyu biyar duka suka ce shi ne ɗan takararsu.

Mai Shago a Kwari:
A'a Ɗan Fagge kar ka kawo Abacha nan, mutumin da ya yi PTF aka ga hanyoyi da magani a asibiti, kuma an ji tsoron Najeriya a zamaninsa. Haka Gaddafi, ku tambayi duk wanda ya je Libiya neman kuɗi kafin 2011 ya gaya muku yadda ƙasar take da yadda ta koma yanzu.

'Yar Damagaram:
Alhaji yayana ya yi shekaru a Sabha yana aikin gini, kuma shi ma yana cewa da da yanzu ba a haɗawa, ban musa ba. Amma shi ɗin dai ya ba mu labari cewa Koren Littafi, littafin da Gaddafi ya rubuta, dole ne a lakwal wato makaranta, kuma sunan Gaddafi ba a kama shi a bakin titi ko da alheri sai an waiga. Shi ma fa ya canza sunayen watanni, Yuli ya koma Nasser, Agusta ya koma Hannibal. Kuma a 1996 an kashe fursunoni sama da dubu a kurkukun Abu Salim, iyalansu suka yi shekaru suna kai musu abinci da tufafi ba a gaya musu sun mutu ba. Ni abin da nike gani, rushewar da Libiya ta yi bayansa tana da alaƙa da yadda ya yi shekara 42 bai bar wata hukuma ta tsaya da ƙafarta ba sai shi, da ya faɗi babu abin da za a dafa. NATO ta yi nata laifin babba, wannan daban.

Mai Shago a Kwari:
Kan NATO dai mun haɗu. Sauran kuma ina nan kan bakana, shugaba mai ƙarfi ya fi wannan hayaniyar da muke ciki.

Malamin Tarihi:
Alhaji ba ƙarfi ake ƙi ba, toshewar kunne ake tsoro. Bari na ba ku misali ɗaya da ya fi kowanne ci min rai. A Sin a 1959, shirin shugabansu Mao na haɗa manoma gonakin gwamnati da narka ƙarfe a bayan gida ya fara jawo yunwa, amma jami'an lardi suna aiko da alƙaluman girbi na ƙarya don kowa na tsoron a ce yankinsa ya gaza, gwamnati kuma tana karɓar hatsi daidai da ƙaryar da aka rubuta, sai manomi ya tashi ba ko ƙwaya. Ministan tsaro Peng Dehuai, tsohon abokin gwagwarmayarsa, ya je ƙauyensu ya gani da idonsa, ya rubuta wa Mao wasiƙa cikin ladabi a taron manyan jam'iyya da aka yi a Lushan. Mao ya raba wasiƙar ga mahalarta, aka taru a kansa aka tsige shi. Bayan wannan wa zai sake magana? Yunwar ta ci gaba har 1961, waɗanda suka fi rage adadin ma suna cewa mutum miliyan 15 ne suka mutu, wasu masana na ninka haka har sau biyu ko fiye. Mao ba rago ba ne, ƙarfi kam yana da shi.

Kuma shi mai mulkin da kansa abin yana cinye shi. Ceausescu na Romaniya ya je Koriya ta Arewa a 1971 ya ga yadda ake yi wa Kim, ya dawo gida ya kwafa. Ranar 21 ga Disambar 1989 ya sa aka tara masa jama'a a Bukares kamar yadda aka saba, yana cikin jawabi aka fara yi masa ihu daga baya, hoton yana nan ku nema ku ga fuskarsa, ya ɗaga hannu ya tsaya cak, ya kasa gane me ke faruwa don shekara da shekaru ba wanda ya gaya masa gaskiya. Kwana huɗu bayan nan aka harbe shi da matarsa.

Almajirin Malam:
Shi ya sa maganar Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a take da nauyi, in na yi daidai ku taimake ni in na karkace ku miƙar da ni. Da bakinsa ya nema.

Ɗan Fagge:
To Malam bayan Niyazov ya mutu aka sauke gunkin, shi kenan sun huta kenan?

Malamin Tarihi:
Ina fa. Wanda ya gaje shi Gurbanguly Berdimuhamedow, likitan haƙori ne kuma shi ne ministan lafiya lokacin da aka yi abubuwan da Hajiya ta lissafa. Ya mayar da watanni, ya mayar da fansho da shekarun makaranta, ya janye Ruhnama a hankali, mutane suka fara sa rai. Sai aka fara kiransa Arkadag wato majiɓinci, littattafansa suka maye gurbin na wancan, a 2015 aka kafa nasa mutum-mutumin na zinare yana kan doki, a 2020 ya buɗe wani na karen da yake so shi ma da ruwan zinare. A 2022 ya miƙa wa ɗansa Serdar kujerar, aka gina sabon birni aka sa masa suna Arkadag. Gas da wutar kyautar da Alhaji ya ambata kuma an soke su tun farkon 2019.

Mai Shago a Kwari:
Kai. An soke?

Malamin Tarihi:
An soke Alhaji, yanzu biya suke yi.

Baba na Zongo:
Togo ma ai ɗan ne a kai tun 2005 da uban ya rasu. Ni zan tashi an kira la'asar. Ɗan nawa da na ba ku labari yanzu shi ma yana da jikoki, ranar nan na tuna masa maganar harsashin, ya ce Baba ai na daɗe ina jira ka ce min wani abu a ranar, na ga bakinka ya motsa.